Tsamiyar Illo

Ni na ba su sunan da bakina, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. Injiniya Nafisa ta zauna a goshin jirgina da littafi a cinya, ta ce in lissafo mata duk kututturen da na sani a hanyar da jirage ke bi daga garinmu zuwa kasuwar Yauri. Ni kuwa da son a ce na iya, na kama zuba kamar mai kiran sunayen 'yan gidansu: Kukar Masallaci, Marken Mahauta, Kanyar Maƙera, Tsamiyar Illo. Sai da ta rubuta na ƙarshen ta ja masa layi sannan na farga da abin da na yi, don Illo kakana ne, mahaifin Innata.

Sunan garinmu Gungun Marke, amma kada ka zo neman tsibiri. Tsibirin yana cikin ruwa tun shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji don samar da wutar lantarki. Aka kwashe iyayenmu aka zube su a kan tudu, suka taho da sunan garin tunda shi ba shi da nauyi. Wutar kuwa muna ganin manyan wayoyinta sun wuce can ta bayan gari, muna yi musu fatan sauka lafiya.

Sai dai ruwan ba ya riƙe tsibirin shekara guda cur. Da bazara, idan tafkin ya fara ja da baya, sai gadon bayan tsohon garin ya fito, baƙar laka mai laushi wadda ba ta neman taki. Nan muke shuka masara da shinkafa, mu kwashe kafin ruwa ya dawo. Matsalar guda ce: ruwa ba ya barin kunya ko shinge, kowace shekara sai ya shafe wurin sumul ya miƙo mana. Abin da kawai ba ya gusawa shi ne kututturen itatuwan da suka mutu a tsaye, kuma da su kowane gida yake gane gonarsa. Daga Tsamiyar Illo zuwa Kanyar Maƙera, ka gangara bakin ruwa, gonar Inna ce. Ba takarda, ba hatimi. Tsamiyar ce takardar.

In ruwa ya cika kuma, waɗannan kututturen ne suke laɓewa ƙasa da fuskar ruwa kaɗan suna jiran cikin jirgi. Mu 'yan gari mun san su, muna kauce musu ido rufe. Bara wani baƙon direba ya ɗauko 'yan kasuwa ya yanke hanya, ya hau Tsamiyar Illo. An ciro kowa da rai ban da Yasira, maƙwabciyarmu, matar Abdulrahman, mai 'ya'ya huɗu. Inna ce ta yi mata wanka. Saboda irin wannan ne aka turo wani kamfani bana ya sare kututturen tun ruwa yana ƙasa, suka ɗauke ni aiki ina kai su ina komo da su.

Da na koma gida na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Sunanta Tamada, shekarunta sun ba saba'in baya, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci gardama da ita ya kwana lafiya ba. Na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye, ta bar ni na gama.

"Kai kab ba su sunan?" ta tambaya.

"Ni ne, Inna. Ban yi tunani ba."

"Yo da ma yaushe ka taɓa yi?" Ta ci gaba da tsintarta. "Wa ka gaba cikin kwamitin tarbon baƙin ga?"

"Kawu Jibrin."

Ta ajiye faifan a hankali. Alhaji Jibrin ɗan ƙanen mahaifinta ne, yana da injinan ban ruwa shida da gona mai faɗi a tsibirin, kuma gonar tasa ta yi iyaka da ta Inna daidai gindin tsamiyar. Shekara uku da suka wuce Gawon Ɗahiru ya ruɓe ya faɗi da kansa. Da ruwa ya janye, kafin Ɗahiru ya gyara kwale-kwalensa yaran Kawu Jibrin sun shuke wurin gaba ɗaya. Aka je gaban mai gari, mai gari ya ce shi ba ya hukunci a kan alamar da babu. Yau Ɗahiru ƙwadago yake yi a gonar da ubansa ya bar masa.

"Gobe da assuba ka kai ni," in ji Inna.

Ko da na ɗauko injiniya da ma'aikatanta biyu muka iso da hantsi, Inna tana zaune a kan tsamiyar, ta shimfiɗa buzu, ga butarta a rataye a wani guntun reshe. Kututturen ya kai ƙugun namiji tsawo, samansa kuma ya ishi mutum biyu zama. An riga an girbe masara, fili ya yi fetal, ba ka ganin komai sai ita da jan fentin da kamfani ya shafa wa itacen, alamar sarewa.

Injiniya Nafisa mace ce mai hankali, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta cire takalmi ta tako laka, ta rusuna ta gaishe ta, ta yi mata bayanin jirage da rayuka.

"Ɗiyata, ba sai kin hwaɗa mani ba," Inna ta katse ta. "Hannun ga da kika gani shi yaw wanke Yasira. Ban ce kar a sare ba. A sare. Amma tukuna Jibrin shi zo shi aza hannu."

Injiniya ta dube ni. Na yi mata bayani. A garinmu, idan za a taɓa alamar iyaka, sai maƙwabcin gona ya zo da ƙafarsa ya ɗora tafin hannu a kanta gaban shaidu uku, ya faɗi da bakinsa inda tasa ta tsaya da inda ta ɗan'uwansa ta soma. In ya faɗa, ya faɗa ke nan, ko alamar ta ɓace maganar tana nan, kuma wanda ya saɓa irin wannan magana ba mai sake ba ɗansa aure a garin. Gawon Ɗahiru faɗuwa ya yi ba shiri, ba wanda ya aza hannu, shi ya sa aka cinye shi.

"Ai wannan mai sauƙi ne," in ji injiniya. "A kira shi mana."

Na yi dariya a zuci. Na kira Kawu Jibrin a waya, ya ce yana Birnin Kebbi wajen taro. Washegari ya ce ƙafa ta matsa masa. Rana ta uku wayar ba ta shiga ba sam, alhali na gan shi da idona a ƙofar gida yana cin gyaɗa. Mai gari kuma ya aiko cewa shi ba ya shiga tsakanin 'yan'uwa.

Lissafin Kawu ba ɓoyayye ba ne. Damina ta yi nisa, ruwan sama yana gangarowa, can Kainji kuma ana tara shi, tafkin ya soma dawowa. Injin zarto ba ya yanka a cikin ruwa. Injiniya ta ce da zarar ruwa ya wuce gwiwa a gindin itacen, aiki ya tashi sai baɗi. Kawu ya san gari ba zai yarda a sake shekara da wannan tarko ba. Za a cicciɓi tsohuwa a sare itace, shi kuma hannunsa yana cikin aljihu.

Ma'aikata suka ci gaba da sauran kututturen da masu su suka sasanta. Kullum da asuba in kai Inna, da magariba in komo da ita, tunda ma'aikatan ba su da jirgi sai nawa, ba mai taɓa itacen a bayanta. A kan itacen take sallarta, a kai take cin ɗumamenta. Rana ta huɗu ruwa ya iso gindin tsamiya, ya kwanta lumui kamar an zubar da tulu.

Abin da ya fi ci mini rai maganar gari ce. A bakin mashaya na ji mata suna cewa Tamada ta zama mai gadin itacen da ya ci Yasira. Wata ta ce tsufa ne, wata ta ce son abin duniya ne. Na ji kunya, na ji haushi, kuma na san ni na jawo. Da yamma a hanyarmu ta komowa na kashe inji a tsakiyar ruwa na ce mata na samo dabara. Akwai kututture bakwai a babbar hanya waɗanda ba sa fitowa ko da rani, ba wanda ya san mazauninsu kamar ni, kuma kamfanin yana so in nuna su a kafa musu alama. Zan ce ba zan nuna ko ɗaya ba sai an tilasta wa Kawu ya zo.

Ta daɗe tana kallona har na raina kaina.

"Basiru, jirgi nawa ka bin hanyag ga ran kasuwa?"

"Sun kai ashirin."

"To da rayukansu za ka yi man ciniki? Gobe ka nuna musu duk bakwai ɗin. Rigimata ta, ba ta 'yan kasuwa ba. Tada injinka."

Na nuna musu washegari, duk bakwai. Rannan ruwa ya kai idon sawu.

Rana ta shida, Alhamis, muna cikin aiki a Kukar Masallaci na hango kwale-kwale ya nufi tsamiya da gudu, mutum guda a ciki yana tuƙi kamar zai karya filafili. Abdulrahman ne, mijin marigayiya. Na bar ma'aikata na fantsama cikin ruwa da ƙafa. Na same shi tsaye gaban Inna.

"Inna Tamada, ki sauka," ya ce. "Don girman Allah ki sauka. Kullum na fito gida na hango abin ga sai in ji kamar yau anka kawo mani ita. Ki sauka ko in sauke ki."

"Sauke ni," in ji Inna. "Ga ni, ba ni da nauyi. In kai ka sauke ni ba ni cewa komi, kai ɗai ka da wannan haƙƙi garin ga."

Ya miƙa hannu, ya tsaya, hannun ya koma.

"Abdu, ni ma ban son ganinai," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Gindin itacen ga anka yi man kitson aure, yau ko kallonai ban iyawa sai in tuna ɗiyan da Yasira ta bari. Kwana shida ina jiran mutum guda shi zo shi yi maganar da ba ta kai shan ruwa ba. Da ya zo ran fari, da yanzu itacen ga ya zama makamashi. Ka tambayi kanka wa ka riƙe da shi tsaye, ni ko shi."

Abdulrahman ya mai da ido ƙasa. Ya dubi ruwan da ya rufe masa ƙwauri, ya dubi jan fentin, ya koma kwale-kwalensa.

Ranar Juma'a ina sahu na uku a masallaci. Liman yana sallamewa Abdulrahman ya miƙe, mutumin da ko a ɗaurin aure ba a jin muryarsa. Ya ce shi ba wa'azi zai yi ba. Ya ce jama'a su shaida, in aka shiga cikar ruwa tsamiyar nan tana tsaye har ta sake taɓa wani jirgi, shi ba ƙofar Tamada zai kai gawar ba, ƙofar Alhaji Jibrin zai kai ta, ya ajiye masa a zaure. Kawu yana sahun gaba cikin farar shadda, ya soma cewa ai magana ce ta cikin gida. Sai Ɗahiru ya tashi daga can baya ya ce shi zai zama shaida na farko. Liman ya ce shi ne na biyu, kuma tunda an taru, ba a ga dalilin jiran gobe ba. Ban san wanda ya fara kama hanyar mashaya ba, na dai ga Kawu a tsakiyar mutane yana tafiya, ƙafar da ta matsa masa ta warke sarai.

Jirgi biyar muka yi. Na biya na ɗauko injiniya da mai zarto. Ruwa ya kusa gwiwa, Inna tana zaune ƙafafunta a ciki, zanenta ya jiƙe har cinya. Tun safe take nan ita kaɗai.

Aka matsa da jirgin Kawu kusa. Ya yi murmushi irin na 'yan siyasa ya ce, "Haba Yaya Tamada, duk wannan tashin hankali a kan mi? Wa ya ce zai taɓa maki gona? To na yarda, taki ta, ki sauko."

"Ban ji ba."

"Na ce taki ta!"

"Daga cikin jirgi kake magana, Jibo. Ubana da ubanka ba daga cikin jirgi sunka raba wurin ga ba. Sauko."

Ya dubi shaddarsa, ya dubi lakar da ke ƙarƙashin ruwan, ya dubi jama'a ko akwai mai ba ta baki. Bai samu ko ɗaya ba. Ya tattare riga ya zuro ƙafa, laka ta karɓe shi har ya yi taga-taga, takalmi guda ya tafi ba sallama. Allah Ya yafe mini, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Ya tako ya ɗora 'yan yatsu a gefen itacen.

"Tahin hannu," in ji Inna.

Ya shimfiɗa tafin. Ya ce daga nan zuwa gabas tasa ce. Ya tsaya a nan. Liman ya yi gyaran murya. Kawu ya ce daga nan zuwa Kanyar Maƙera, a gangara bakin ruwa, ta Tamada ce 'yar Illo.

"Da ɗiyanta bayanta."

"Da ɗiyanta bayanta," ya maimaita, kamar ana zare masa haƙori.

Ɗahiru ya ce ya ji. Liman ya ce ya ji. Abdulrahman ya ce ya ji. Injiniya Nafisa ta ɗaga wayarta ta ce ita ma ta ɗauka, Inna ta ce ta gode, amma waya tana faɗawa ruwa.

Sannan ta miƙo mini hannu na sauko da ita. Ƙafafunta sun yi fari sun yamutse don daɗewa a ruwa. Na ce ta shiga jirgi in kai ta nesa kafin a fara, ta ture hannuna. A nan ta tsaya, taki uku daga itacen, ruwa yana kaɗa mata zane, ta ce wa mai zarto, "Bisimilla."

Ya ja igiya inji ya ɗauka. Ya kafa zarto daidai fuskar ruwa. Tsamiyar da ta shekara hamsin da ɗoriya tana jiƙa tana bushewa ba ta ba da kai da arha ba, sai da ya tsaya sau biyu ya wasa haƙora. Garin itacen yana fita ja-ja-wur yana yawo a kan ruwa. Da ya rage kaɗan maza huɗu suka sa kafaɗa, ya karkata, ya faɗa da nauyi, ruwa ya watsu har fuskar Inna. Ba ta goge ba. Wasu suka yi kabbara. Abdulrahman ya zauna a bakin kwale-kwalensa ya rufe fuska da hula.

Aka ɗaura wa gungumen igiya aka ja shi zuwa tudu. Jirage suka watse ɗaya bayan ɗaya, na Kawu a gaba. Na ɗora Inna a nawa, na tura da gora har muka fita daga laka, sannan na tada inji a hankali. Ina ta zuba ina cewa yau ta gwada musu, yau gari ya san wace ce Tamada. Da na duba sai na ga ta juya baya tana kallon inda muka baro.

Ruwa ya riga ya haye ɗan abin da zarto ya bari. Kuka babu, marke babu, kanya babu, duk an sare su a makon nan. Ruwa ne shimfiɗe fari fat daga nan har inda ido ya tsaya. Na ga kanta yana juyawa dama da hagu a hankali.

"Basiru," ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, "ina ne wurin?"

A tsibirin nan aka haife ta, a nan ta yi rarrafe. Na kashe inji. Na ɗaga hannu zan nuna, sai na ga ni ma ban tabbata ba, ni da nake taƙama da sanin ruwa. Na nuna wani wuri dai, don ba zan iya ce mata ban sani ba. Tausayinta ya kama ni.

Ta daɗe tana kallon inda na nuna. Ta san ƙarya nake yi. Ta kama bakin mayafi ta share ruwan da ke fuskarta, ta juyo ta fuskanci gari, ta gyara zama.

"Ran da laka ta fara fitowa baɗi, ko tahin hannu ta kai, ka tashe ni," ta ce. "Ni za ni fara taka ta, ba yaran Jibo ba."